Yadda Ake Riƙe Lissafin Tallafi a Kwamfuta, Kowane Kuɗi da Asusunsa

Duk kuɗin da ya shigo ƙasar Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara bayan ɓullar gubar dalma a 2010, da sunan aikinsa ya shigo. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida. Da masana daga cibiyar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, sai suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Aka raba aiki. TerraGraphics da Blacksmith Institute tare da ma'aikatan muhalli na jiha suka kama kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje suna zuba mai tsabta, MSF ta kama magani. Maganin kuwa ba ya daɗa komai in yaro zai koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Shi ya sa ƙauyen Bagega, da ba a kankare ƙasarsa ba, ya zauna jira har 2013. Likitoci na nan, magani na nan, amma Naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari ba su fito ba, sai da matasan Follow The Money da wasu suka yi ta matsa lamba.

Ƙananan ƙungiyoyinmu, na matasa da na mata da na ci gaban gari, su ma haka kuɗi ke zo musu, sai dai kaɗan-kaɗan. Wannan ya bayar don wayar da kan iyaye kan dalma, wancan don gyaran burtsatse, ga kuma ɗan abin da 'yan ƙungiya ke tarawa duk wata. Duka a banki ɗaya suke kwana. Mutanenmu ba baƙin wannan tsari ba ne: kowa ya san zakka tana da mutanenta da aka ambata, kashi takwas, kuma ba a ɗaukarta a yi wa masallaci rufi komai kyan niyya. Aikin ma'aji shi ne duk lokacin da aka tambaye shi, ya iya faɗin nawa ne na wa.

Zaɓen manhaja ba abin ɓata dare ba ne. QuickBooks ta intanet tana da kyau, amma biya ake duk wata kuma sai da sabis. Aplos don coci-coci da ƙungiyoyin Amurka aka gina ta. GnuCash kyauta ce, sai dai raba asusai a cikinta yana da wahala ga sabon shiga. Wadda na fi miƙa wa ƙaramar ƙungiya a wannan yanki ita ce Manager, irin wadda ake saukewa a kan kwamfuta, don kyauta ce kuma ba ruwanta da intanet. Duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka kashe layukan waya aka shafe makonni ba kira ba saƙo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Excel ma tana yi in asusu biyu ne, amma ba ta hana ka goge layi ka manta.

Kafin a kunna kwamfutar ma, takardar yarjejeniya ake ɗaukowa a karanta da biro a hannu. A ja layi ƙarƙashin ranar farawa da ranar ƙarewa, da abubuwan da mai tallafi ya ce zai biya, da waɗanda ya ce ba zai biya ba, da kason da ya bari don hidimar ofis. Wasu kashi 7 suke bari, wasu 10, wasu ko sisi. Rasit ɗin da aka yanka kwana ɗaya bayan ranar ƙarewa, komai gaskiyarsa, ƙungiya ce za ta biya daga aljihunta.

Sai a shirya manhajar ta riƙa yi wa kowace shigarwa tambaya biyu: me aka saya, kuma da kuɗin wa? Ta farko ita ce jerin nau'in kashewa: man fetur, alawus, haya, buga takardu, cajin banki. Gajere ya fi. Ta biyu ita ce alamar asusu, abin da QuickBooks ke kira Class, Manager kuma Division. Sabon akanta yakan so ya buɗe "man dalma" da "man burtsatse" da "man ofis", kafin shekara ta zagayo jerin ya kai ɗari, shi kansa ya ɓace a ciki. Mai guda ɗaya ne, alamar ce ke faɗin na wa. Kuma lallai a buɗe asusu ɗaya na kuɗin ƙungiya na kanta, wanda ba sharaɗin kowa a kansa.

Tsofaffin ma'ajinmu, yawanci malaman firamare da suka yi ritaya ko waɗanda suka taɓa aiki a baitulmalin ƙaramar hukuma, sun yi wannan tun ba a san kwamfuta ba. Dogon littafi ne mai bango mai kauri, kowane asusu da shafinsa a tsaye, a ja layi da rula, jimilla da jan biro. Wanda ya koya mini, in ya yi kuskure ba ya gogewa, layi ɗaya yake ja a kai yadda tsohon adadin zai ci gaba da karantuwa, ya sa hannu a gefe. Har yau in na buɗe rahoton manhaja, shafukan nan nasa nake gani. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri, da rashin kuskuren tarawa.

Shigarwar yau da kullum ba ta da wani sirri. Kowane kuɗi da ya fita da baucarsa mai lamba, wanda ya nema daban, wanda ya amince daban. Ɗan kabu-kabu da mai sayar da itace ba su da rasit, saboda haka a rubuta musu takardar karɓa su sa hannu ko su dangwala yatsa. Kuɗin da aka ba ma'aikaci zai shiga ƙauye ba a kashe su ba tukuna, bashi ne a wuyansa, kuma haka za a shigar, sai ya dawo ya kawo lissafi da canji.

Inda ake gane gwani da ɗan koyo shi ne kashewar da asusu biyu ko uku suka yi tarayya a kanta.

A ce an ɗauki hayar babur daga Anka zuwa Dareta, da mai da komai Naira 18,000. Da aka isa aka tara mata a gidan mai unguwa ana yi musu bayanin kada a shigo da dutse gida, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Daga nan aka duba famfon da ake gyarawa. A hanyar dawowa aka sauke allunan da 'yan ƙungiya suka saya wa wata Islamiyya. Tafiya ɗaya, aiki uku, takardar karɓa ɗaya. Hannu yakan tafi da kansa ga asusun da ya fi ƙiba, a jibga masa duka. Ba sata ba ce, ba wanda ya sa kwabo a aljihu, amma mai tallafin dalma ya biya wa burtsatse da Islamiyya kuɗin mota bai sani ba. In aka yi ta haka wata shida, layin mai na asusunsa zai ƙare aikin bai kai rabi ba, rahoton burtsatse kuma ya nuna kamar aljanu ne suka kai injiniya.

Maganinsa a zauna tun farko, da shugaba da sakatare da ma'aji, a tsayar da ma'aunin rabo a rubuta shi a littafin taro. Tafiya da awoyin da aka yi a kan kowane aiki ake raba ta. In taron mata ya ci awa uku, famfo biyu, Islamiyya ɗaya, to asusun dalma 9,000, burtsatse 6,000, na ƙungiya 3,000. A manhaja biya ɗaya ne mai layi uku, duka ukun "man fetur da haya", kowane layi da alamarsa, jimilla ta koma 18,000 daidai da takardar. A bayan baucar kuma a rubuta lissafin da hannu, don mai binciken da zai zo bayan shekara biyu ya ga daga ina 9,000 ta fito ba sai ya kira kowa ba.

Alawus ma haka, amma da takardar ranaku. Mai karɓar 60,000 da ya yi kwana 20 yana aiki, 12 a dalma, 5 a burtsatse, 3 a ofis, rabonsa 36,000 da 15,000 da 9,000. Takardar nan kullum ake cika ta da yamma. Wadda aka cika a zama ɗaya ranar biyan albashi ana gane ta: biro ɗaya, rubutu ɗaya, ranar Juma'a da ranar kasuwa duk awa takwas cif. Hayar ofis da kuɗin caji da data kuwa a raba su da yawan ma'aikatan kowane aiki, ko da wani ma'auni mai ma'ana. Ma'aunin da aka zaɓa bai kai riƙe shi muhimmanci ba. Mai bincike zai haƙura da ma'auni mai ɗan rauni in an bi shi duk shekara, amma ba zai haƙura da wanda ke sauyawa duk watan da wani asusu ya rame ba.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta iya yi, wato tsayawa gaban shugaba. A ce banki na nuna 2,400,000, iska ta yaye rufin ofis, kafinta ya ce 300,000. Shugaba zai ce, "Ma'aji, ai na ga alat, kuɗi na nan, mi za ya hana?" Sai ka juya masa kwamfutar: "Ranka shi daɗe, 1,500,000 na dalma ne, 780,000 na burtsatse, namu 120,000." Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauye, mata da yara suka kwararo Anka ba abinci ba tabarma, kuɗi kuma ga su a banki. Ban ga laifin wanda zuciyarsa ta karye a ranar ba. Amma hanyar ita ce a kira mai tallafin nan take, a nemi izini a rubuce ko da saƙon waya ne, a buga shi a liƙa a bauca. Da yawansu suna yarda in an tambaye su kafin a kashe, abin da ba sa yafewa shi ne su tsinta da kansu. In rance aka amince a yi, a shigar da shi a matsayin bashi tsakanin asusu da asusu, da ranar maidawa, ya zauna a rahoto kowa na gani har a biya. Ƙungiyar da ta yi sakaci da kuɗin wata-wata na 'ya'yanta, irin wannan ranar take gane kurenta.

Kasafi ma yana tsufa a hannu. Wanda aka rubuta a farkon 2023 ya tashi aiki bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu da sakin Naira a Yuni. In layin mai ya kusa ƙarewa, a nemi izinin matso kuɗi daga wani layin, a rubuce, kada a ɓoye mai a cikin "buga takardu".

Ƙarshen wata a karɓo takardar banki a bi ta layi-layi. Abin da ke hana lissafi cika yawanci ƙanana ne: Naira 50 da ake cira a kan turawar dubu goma zuwa sama, kuɗin alat, ladan mai POS. Kowanne a shigar da shi da alamarsa. A ƙirga kuɗin akwati gaban shaida. Daga nan sai gwajin da nake jin daɗinsa fiye da komai a aikin: a tara ragowar duk asusai, ban da kadarori, dole ta zo daidai da abin da ke banki, da na akwati, da na hannun ma'aikata, bayan an cire bashin da ake bin ƙungiya. In ta cika har kwabo, a buga rahoton kowane asusu, shugaba ya sa hannu, a kulle watan a manhaja don kada wani ya koma ya taɓa. A kwafe fayil ɗin a filasha biyu, ɗaya ta kwana a wani gida daban.

Wanda ya riƙe wannan, sauran duk sauƙi ne. Rahoton shekara da hukumar CAC ke karɓa daga ƙungiyoyi masu amintattu tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba yana fita daga lissafin nan, haka abin da SCUML, mai sa ido kan halasta kuɗin haram, za ta tambaya. A watan Janairu na 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje aka ce a tsaya da aiki, tambayar da ta biyo baya ita ce nawa aka kashe, nawa ya rage. Mai alama a kan kowane layi minti biyar ya ishe shi amsawa.

In aiki ya ƙare aka samu ragowa, na mai tallafi ne har sai ya rubuto ya ce a riƙe. Shugabannin ƙungiyoyi kuma, don Allah in za ku rubuta kasafi na gaba ku sa layin alawus ɗin ma'aji da na ɗan sola da zai riƙe masa kwamfuta, ku kuma haɗa shi da yaro ko yarinya mai takardar sakandare ya riƙa koyarwa tun yanzu.