Tambayar da Ake Yi Bayan An Rage Murya

Ranar Talata ɗakin awo ya fi cika a Mafara, domin ranar kasuwa ce ake samun mota daga ƙauyukan Bakura da Maradun. Ni ungozomar asibiti ce, kuma na lura ba da tambayar da ta kawo ta mace ke farawa ba. Sai an auna hawan jini, an rubuta kati, ta gyara goyonta, sannan ta rage murya: "Malama, in na huta, mahaifa ba ta toshewa?"

Yawancinsu ba haihuwa suke gudu ba. Suna son 'ya'ya, suna kuma jin abin da jikinsu ke gaya musu. Wata goyonta wata takwas, tana tsoron kwanika. Wata ta yi ɓari, uwar miji ta fara ƙirga mata watanni. Wata kishiyarta ta haihu, tana ganin in ta tsaya za a wuce ta a gida, a wuce 'ya'yanta a gado. Ga kuma tsoron da iyayenmu ba su san irinsa ba, wato naƙudar dare. Matar da ke ƙauyen bayan Maradun ta san in jini ya ɓalle mata bayan isha'i, da wuya a sami direban da zai hau hanya saboda 'yan bindiga. A 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara, ko kiran mai mota ya gagara. Mai wannan lissafi tana da hujja, kada a ce mata raguwa.

To, ga amsar. Tazarar haihuwa ba ta toshe mahaifa. Ashanar da ake sawa a damtse tana aiki shekara 3 ko 5, gwargwadon irinta, kuma da an cire ta ciki na iya shiga ba da jimawa ba. Haka robar mahaifa. Allurar wata 3 ce ke da jinkiri: bayan an daina, wata kan yi watanni, har kusan shekara, kafin ta ɗauki ciki. Jinkiri ne, ba rashin haihuwa ba, amma wadda ba a gaya wa tun farko ba za ta ɗauka an kashe mata mahaifa, ta kuma gaya wa duk matan unguwa. Laifin nan namu ne mu ma'aikata, masu soka allura cikin gaggawa ba bayani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin sabon ciki, wata 6 bayan ɓari. Wannan bai yi nisa da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata ba. Sai dai shayarwa kaɗai ba ta tsare mace sai yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da an fara kunu, a daina dogara da ita.

Abin da ya fi sa mata su dawo a cire musu ashana shi ne rikicewar jini. Yau ɗigo, gobe shiru, wani watan babu gaba ɗaya. Damuwarsu ba ta ciwo ba ce, ta salla ce da azumi da shimfiɗar miji. Ki dawo mu duba, akwai maganin da ke rage zubar, ana kuma iya canza hanya. Hukuncin jinin ciwo da na haila kuwa, ki tambayi malamar Islamiyya. Jinin da bai zo ba kuma ba taruwa yake yi a ciki ba.

Masu yin tazarar haihuwa a ɓoye suna nan da yawa, kuma sirrinsu amana ne a wurinmu. Amma na ga ɓoyon yana cin mace, kullum tana fargabar ranar da za a taɓa damtsenta. Maigida, in iyalinka ta buɗe maka wannan magana, ka rako ta ka ji da kunnenka. Ka ce ɗiya arziki na, ba mu musa ba. Sai dai jinin da ta zubar a haihuwar bara ne bai gama dawowa ba.

Wadda kuma ta yanke shawarar ɗaukar ciki yanzu, ta fara awo da wuri, ta sha maganin ƙarin jini, a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. In gida na nesa da titin Gusau zuwa Sakkwato, da ta shiga wata tara a kawo ta wurin dangi a cikin gari, musamman mai cikin fari, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da wadda ta taɓa jijjiga.