Darasin Kwamfuta: Layi Ɗaya Da Ya Kusa Ba Mu Kunya



A zangon da ya wuce, malaminmu na kwamfuta ya aro mana wata 'yar kwamfuta daga wurin abokinsa da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo. Sunanta Raspberry Pi 4. Girmanta kamar katin ATM ne, kuma duk kayanta a kan allo ɗaya suke. A Ingila aka ƙirƙiro irinta, aka fara sayarwa a 2012 don yara su koyi kwamfuta.

Da an kunna ta, wata ƙaramar manhaja da ake kira famwaya ce take tada ta. Famwaya tana fara duba wani fayil a katin memori mai suna config.txt, ta bi umarnin da ke ciki. A nan ake saita gudun kwamfutar da sauran abubuwa.

Mu kuwa muna son ta ƙara sauri. Asalin gudunta 1500 ne, sai muka rubuta arm_freq=2200 ba tare da mun tambayi Malam ba. Muka sake kunnawa, allon talabijin ya yi baƙi ƙirin. Hankalinmu ya tashi, don kayan aro ne, kuma ranar Litinin za a mayar da shi Kalgo.

Da Malam ya zo bai yi faɗa ba. Ya cire memorin, ya sa a laftof, ya buɗe fayil ɗin, ya sa alamar # a farkon layin da muka rubuta. Duk layin da ya fara da # famwaya tsallake shi take yi. Nan take kwamfutar ta tashi lafiya.

Ga abin da muka koya:

1. Kafin ka taɓa config.txt, kwafe shi ka ajiye a wani wuri.
2. Canza layi ɗaya, ka gwada, sannan ka canza wani.
3. Ƙara gudu yana ƙara zafi. Idan zafinta ya kai digiri 80, da kanta take rage gudu. A nan Gwandu, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40, fanka ta fi mana amfani. Don duba zafinta, rubuta vcgencmd measure_temp.
4. Tana buƙatar caja mai volt 5 da amfiya 3. Ƙaramar cajar waya ba ta isarta.

Mun mayar da ita Kalgo lafiya, mai ita kuma ya yarda ya sake ara mana. Duk mai son ganin fayil ɗin ya same mu a ɗakin kwamfuta ranar Laraba bayan tashi.

Daga 'yan Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.