Kabureta da Man Kwalba: Hanyar Gano Cutar Ƙaramin Babur a Malanville

Garin Malanville, wanda yake yankin Alibori a ƙurewar arewacin Jamhuriyar Benin, kogin Kwara ne kaɗai ya raba shi da Gaya ta ƙasar Nijar, kuma zirga-zirgar babbar kasuwarsa ta dogara ƙwarai ga ƙananan babura irin su Bajaj da Haojue, waɗanda 'yan zemijan, wato 'yan kabu-kabu, suke ɗaukar mutane da buhunan albasa da shinkafa a kansu. Da aka rufe gadar da ta haɗa garuruwan biyu bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai jigila ta koma bakin kogi inda ake ƙetarewa da kwalekwale, baburan kuma suka ƙara shiga yashi da ƙura fiye da da. Ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu kawo su gareji shi ne «kabureta ce», alhali kuwa aikin yau da gobe ya nuna wa mai wannan rubutu cewa sau da yawa cutar daga wani wuri take tasowa, ita dai kabureta a jikinta alamar take bayyana.

Kabureta ita ce na'urar da take gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, kuma gaurayen da ya fi ƙonewa tas shi ne kimanin awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi. A ƙasanta akwai ɗan kofi da mai yake taruwa a ciki, da fulot, wato wani abu marar nauyi da yake yawo a saman man yana tura allura ta toshe hanya idan kofin ya cika. Daga kofin ne mai yake hawa ta cikin jet biyu, waɗanda 'yan ƙusoshin tagulla ne masu huda a tsakiya: ƙaramin yana ciyar da inji lokacin silo, wato sa'ad da babur yake kunne ba a murɗa totur ba, babban kuwa sai an buɗe wuta sosai yake karɓar aiki. Hudar ƙaramin jet ba ta kai rabin milimita ba, saboda haka ƙwayar yashi guda ta isa ta tsayar da babur.

A nan ne batun man kwalba ya shigo. Galibin masu babur a Benin suna sayen man da ake kira kpayo, wanda ake shigo da shi daga Nijeriya a sayar a bakin titi cikin kwalabe da jarkoki, kuma ko da farashinsa ya tashi bayan cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023, ba a daina sayensa ba. Adalci shi ne a faɗi cewa asalin man ba lallai ne ya zama gurɓatacce ba. Abin da yake ɓata shi shi ne juye-juye daga jarka zuwa jarka, da zama cikin rana da ƙura, da ruwan da yake shiga, wani lokaci kuma da kalanzir da marasa tsoron Allah suke surkawa. Gwajinsa ba ya bukatar komai sai kwalba mai haske: a kwance ƙusar da ke gindin kofin kabureta, a tari man da ya zubo, a ajiye shi minti biyu. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, za a gan shi ya kwanta a ƙasa dunƙule kamar ƙwayar idon kifi, jan garin tsatsa kuma yana zagaye da shi idan tankin ya fara ci daga ciki. Duk wanda ya wanke kabureta bai wanke tanki ba, bai kuma sa 'yar matatar mai a jikin tiyo ba, to ya shuka dusa, domin ba za a daɗe ba babur ɗin zai dawo.

Bayan mai sai iska. Ƙurar hunturu tana toshe soson matatar iska, iska ta ragu, mai ya rinjaya, sai babur ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi yana shan mai kamar rariya. Wasu masu babur idan suka ga haka sai su cire soson baki ɗaya, su ji inji ya saki su yi murna, ba su san cewa yashin da ke shiga yana goge ringi da silinda ba, kuma gyaran wannan ya ninka kuɗin soso sau da yawa. Akasin haka yana faruwa idan robar da ta haɗa kabureta da inji ta tsage saboda zafin bazara: iskar sata ta shiga, mai ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi, kuma idan an saki totur ƙara ba ta sauka nan da nan. Cok, wanda aikinsa ƙara yawan mai a gaurayen don tayar da inji mai sanyi, yana raba gardama, domin babur ɗin da ya riga ya ɗumama amma ba ya zama sai an ja cok, mai ne ba ya isarsa. Fulogi ma, wanda ake ce wa buji a wannan yanki, shaida ne da ba ya ƙarya: bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa alamar daidaito ce, baƙin kunkunniya alamar yawan mai, fari fat kuwa alamar ƙarancinsa.

Sai an tabbatar da mai da iska da wuta, an kuma duba tazarar bawul, wadda matsewarta take hana babur tashi a ɗora wa kabureta laifi, sannan ya kamata a kwance ta. Babban kuskuren da ake tafkawa a wannan gaɓa shi ne soka wayar birki ko allurar ɗinki cikin jet, domin tagulla tana da taushi, hudar takan faɗaɗa, kuma daga ranar babur ba zai sake shan mai daidai ba. Hanya madaidaiciya ita ce a jiƙa jet cikin fetur mai tsabta, a busa shi da famfon iska, a ɗaga shi sama a dubi rana ta cikinsa. Idan hasken ya fito zagayayye, ya wanku. Ƙusar iska kuma, wadda take daidaita gaurayen mai da iska lokacin silo, ba abin murɗawa da ka ba ce: ana shigar da ita a hankali har ta tsaya, a dawo da ita kamar zagaye ɗaya da rabi, sannan a daidaita silo bayan inji ya ɗumama, ba da sanyin asuba ba.

Akwai cuta guda da ba ta jiran gobe, wato zubar mai ta tiyon da ke ƙasan kofi, wadda take nuna cewa allurar fulot ta ci ko datti ya hana ta rufewa. Haɗarinta biyu ne: gobara idan man ya ɗiga kan inji mai zafi, musamman a inda kwalaben kpayo suke jere, da kuma gangarawar fetur cikin baƙin mai ya tsinka shi. Injinan ban-ruwa na manoman shinkafa da albasa a fadamar kogin suna da irin wannan kabureta, sai dai tasu cutar ta zama ce, domin man da aka bari cikin kofi tsawon damina yakan bushe ya bar danƙo ya liƙe jet. Saboda haka ana kira ga mai babur ya riƙa tace man kwalba da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki, ya wanke soson iska kowane mako a lokacin hunturu, ya rufe makunnin mai duk dare, manomi kuma ya zubar da man kofi kafin ya jingine injinsa.