Kafin Ka Karɓi Aikin Manhaja Daga Kamfanin Waje

Kamfanin da ke Landan ko Balin, idan ya zo neman mai rubuta manhaja a Kano ko Kaduna, lissafi ne ya kawo shi. Albashin injiniya ɗaya a can zai ɗauki nauyin mutane da dama a nan, aikin kuma ba ya buƙatar jirgi ko tirela, ta intanet yake zuwa ya koma. Wannan dama ce ta gaske, ina kuma son matasanmu maza da mata su ci moriyarta. Sai dai wanda araha ta kawo shi wurinka, gobe araha za ta iya kai shi Bangaladash ko Biyetnam. Dole ka ba shi dalilin zama wanda ya wuce farashi.

Indiya ce ta share wannan hanya. An kafa kamfanin manhaja na Infosys a can a 1981, Texas Instruments na Amurka ya buɗe ofishi a Bangalore a 1985. Babbar kasuwar ta buɗe ne gab da shekarar 2000, lokacin da aka tsorata cewa tsofaffin kwamfutoci, masu rubuta shekara da lambobi biyu kacal, za su ɗauki 2000 a matsayin 1900. Bankuna da kamfanonin inshora na Amurka suka buƙaci dubban hannaye su bi tsofaffin manhajoji layi-layi suna gyarawa, Indiyawa suka karɓi aikin. Fargabar ta wuce, amma abokan cinikin ba su tafi ba, don sun ga ana kawo aiki a kan wa'adi. Yau sama da mutum miliyan biyar ke cin abinci a wannan fanni a Indiya.

Mu ma mun ga namu darasin. Kamfanin Andela ya fara a Legas a 2014 yana horar da matasa yana haɗa su da kamfanonin waje, har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016. A Satumban 2019 sai ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, saboda masu ba da aiki ƙwararru suke nema. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira tana rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga. Don haka kada ka gama kwas na wata uku ka ruga kasuwar duniya. Zaɓi harshe ɗaya, Python ko JavaScript alal misali, ka nutse a cikinsa. Je kemis ɗin unguwarku ka gina masa manhajar da za ta riƙa nuna masa maganin da ya kusa ƙarewa da wanda kwanan lalacewarsa ya matso. Zauna da shi wata da watanni, ya yi ta ƙorafi kana gyarawa, sannan ka ɗora aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Mai ɗaukar aiki zai fi yarda da wannan a kan satifiket goma.

Wajen nema, fuskanci Turai kafin Amurka. Agogonmu da na Landan ɗaya ne a lokacin bazararsu, da na Balin ɗaya ne a lokacin sanyinsu, in ma an bambanta awa ɗaya ce. Ɗan Indiya ba shi da wannan gatan, yana gaban mu da awa huɗu da rabi. New York kuwa tana bayan mu da awa biyar ko shida, Kalifoniya ta fi haka nisa, aikin can yakan cinye maka dare.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne shiru. An tarbiyyantar da mu kada mu yawaita tambayar na gaba da mu, mu ce “to” ko ba mu gane ba. A wannan aiki kunyar nan tana jawo asara. Mai gidanka bai taɓa ganin ka ba, rubutunka kaɗai yake gani. Kafin ka tashi kowace rana, aika masa layi uku da Turanci mai sauƙi: na gama shafin biyan kuɗi, gobe zan gwada shi a waya, ina jiran ku ba ni izinin shiga rumbun bayanai. Idan ka hango aikin Juma'a ba zai kammalu ba, faɗa tun Talata, ka faɗi dalili da sabuwar rana. Za su haƙura da jinkirin da aka sanar da su. Wanda ya ɓace kwana biyu ya dawo da uzuri, ba a cika sabunta masa kwangila ba.

“An ɗauke wuta” ba uzuri ba ne a wurinsu. Kuɗinka na farko ya tafi kan inbata da batir ko sola, ka kuma riƙe layukan data na kamfanoni biyu daban.

Sai maganar kuɗi. Kada ka taɓa aiki sai da yarjejeniya a rubuce: me za a yi, nawa, yaushe, gyara sau nawa. Nemi kafin alƙalami, ka raba sauran aikin kashi-kashi, kowane kashi da biyansa. A dandalin neman aiki na Upwork, idan aikin mai ƙayyadadden farashi ne, tabbatar an ajiye kuɗin a dandalin kafin ka fara. Buɗe asusun dala a banki, ka haɗa shi da hanyoyin karɓar kuɗi irin su Payoneer. Kada ka karya farashi don ka doke kowa, araha ba ta ado, kuma mai neman mafi araha shi ne ya fi wahalarwa. Ka sani kai ɗan kwangila ne: babu fansho, babu kuɗin asibiti, ana iya rabuwa da kai da ɗan gajeren notis. Ware kuɗin cefanen 'yan watanni a gefe, ka kuma nemi akanta ya duba maka batun haraji.

'Yan damfara ma suna kewaya wannan kasuwa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista ko na kwamfuta kafin a ɗauke ka, rabu da shi. Mafi haɗari shi ne mai neman ka ba shi hayar asusunka na Upwork ko hoton fasfonka, ya yi aiki da sunanka ya riƙa yanka maka kaso. Hukumomin Amurka sun gurfanar da mutanen da suka taimaka wa ma'aikatan Koriya ta Arewa samun aiki da sunayen aro. Idan asiri ya tonu, sunanka ne a kan takarda, asusunka za a rufe, kuma dandalin ba ya barin wanda aka kora ya buɗe sabo.