Cizon Kare: Ceton Rai da Neman Diyya

Gabatarwa

Kare dabba ce da ɗan Adam ya daɗe yana amfani da ita wajen farauta da kiwo da gadin gida. Amma idan ya ciji mutum, tambayoyi biyu sukan taso: yaya za a ceci wanda aka ciza, kuma wa zai biya abin da aka kashe? A darasinmu na wannan fitowa za mu ga cewa matakan da ake ɗauka domin ceton rai, su ne kuma suke zama hujja a gaban alƙali.

Haɗarin da ke cikin cizo

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Wata ƙwayar cuta ce dangin bairas take kawo shi, tana kuwa cikin yawun karen da ya kamu. Idan ta shiga rauni, sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Yawanci alamu sukan bayyana bayan wata 2 zuwa 3, ko da yake suna iya fitowa cikin mako guda, ko su kai shekara. Da zarar sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, da wuya maras lafiya ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya.

Wannan jinkiri na tafiyar ƙwayar shi ne damar da likita yake da ita. A shekarar 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar rigakafi bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu.

Matakan farko

1. A wanke raunin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15. Kada a cusa masa gari ko toka.
2. A garzaya asibiti a ranar, a fara allurar rigakafi, a kuma cika adadin da likita ya tsara.
3. A kai rahoto asibitin dabbobi. Idan karen yana da rai, a tsare shi a lura da shi kwana 10. Karen da ke ɗauke da cutar a yawunsa lokacin cizo zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki.
4. Idan an kashe karen, kada a farfasa kansa, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin wannan gwaji.

Matsayin doka

A dokar da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila, hanyoyi biyu ne ake kama mai kare da alhaki. Ta farko ita ce a tabbatar ya san karensa mai cizo ne. A shari'ar Daryani da Njoku ta shekarar 1965, kare ya taɓa cizon wata mai aikin gida, aka shaida wa matar mai karen. Da ya sake cizon wani, kotu ta ce sanin matar sanin mijinta ne, don haka alhaki ya hau kansa. Hanya ta biyu ita ce sakaci, wato a nuna cewa bai tsare karen yadda mai hankali zai tsare shi ba.

Malaman mazhabar Malikiyya ma sun yi bayani makamancin wannan: mai kare mai cizo, idan an gargaɗe shi bai kula ba, lamunin ɓarnar yana kansa. Saboda haka idan karen maƙwabci ya fara kai wa yara hari, a gargaɗe shi a gaban shaidu ko mai unguwa.

Hujja da neman taimako

Kotu da hujja take aiki. A adana katin asibiti da rasiɗan magani, da rahoton likitan dabbobi, da hoton raunin, da sunayen waɗanda suka ga abin. A nemi mai karen ya nuna takardar rigakafin karensa. Diyyar da ake nema takan haɗa kuɗin magani, da abin da aka rasa na sana'a lokacin jinya, da wahalar da aka sha. Amma wanda ya tsokani kare, ko ya haura gidan mutane ba izini, hujjarsa tana da rauni.

Sau da yawa akan sasanta a gaban mai unguwa, sai dai a rubuta abin da aka amince a kai. Idan sulhu ya gagara, a tuntuɓi lauya da wuri, domin doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara. Maras hali yana iya neman shawara a ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976.

Kammalawa

Ɗalibai su lura: asibiti ake fara zuwa kafin kotu, domin diyya ba ta dawo da rai. Mai kare kuwa, allurar rigakafin da zai yi wa karensa duk shekara ta fi masa sauƙi bisa tsayuwa gaban alƙali.

Tambayoyi

1. Me ya sa allurar rigakafi take amfani bayan an riga an yi cizo?
2. Kawo hujjoji uku da mai neman diyya zai adana.