Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Mdou Moctar?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Gwange a Maiduguri ya aiko yana neman tarihin makaɗin jitar nan, Mdou Moctar.

To Malam, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga Jamhuriyar Nijar. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, sai ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa.

Abin da zai ba ka mamaki, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu a Sahara, har suka kai Amurka.

Yawanci da harshen Tamashek yake waƙa, kuma ba ya tauna magana. A kundinsa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 ya caccaki mulkin mallaka. Ya sha sukar Faransa kan kwasar yuraniyam ɗin garin Arlit alhali talakan Nijar na kwana cikin duhu.

Da fatan mun biya ka, Malam.