Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Ya Haɗiye Haƙorin Famfara

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ɗanta mai shekara 6 yana cin tuwo sai haƙorinsa da ke girgiɗi ya fita, ya haɗiye shi tare da loma. Shin akwai hatsari?

To, Malama, ki kwantar da hankalinki. Haƙoran yarinta guda 20 ne, suna soma zubewa wajen shekara 6 har zuwa kamar 12. Kafin haƙori ya faɗi, saiwarsa ta riga ta zaizaye, abin da ya rage bai wuce ƙwayar masara ba. Idan ya sauka ciki, yakan bi hanji ya fita ta bayan gida cikin 'yan kwanaki.

Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada kuma ki ba shi maganin wankin ciki. Idan dasashi na jini, ya ciji tsumma mai tsabta na ɗan lokaci.

Abin tsoro shi ne haƙorin ya kauce ya bi hanyar numfashi. Idan kika ga tari ya sarƙe shi, ko numfashinsa na fita da ƙyar ko da ƙara, ko ya kasa haɗiyar yawu, ki garzaya da shi asibiti nan take. Haka ma idan ciwon ciki, amai ko jini a bayan gida suka biyo baya.

Allah ya raya mana shi.